Ruwan Da Dela Ta Taya

A Kurayyat, kudancin Jidda, can inda gidajen dutse suke ƙarewa a shiga na langa-langa da katakon akwati, an yi wata mata mai suna Dela wadda ba a taɓa kawo mata magana ta karɓe ta yadda take ba. In ka ce mata ɗanka ya sauke Alƙur'ani, za ta ce Allah ya sa albarka, a ranta kuwa ta ajiye yaron a izu talatin. In ka ce zazzaɓi ya kwantar da kai kwana huɗu, biyu ne, sauran biyun lalaci. Ko gaisuwa ce ka amsa mata da lafiya lau, sai ta bi ka da ido daga hula har takalmi tana neman inda ciwon ya ɓuya. Rabin magana take ɗauka, ta bar maka rabin ka koma da kayanka gida.

Ba da wannan hali aka haife ta ba, a hanya ta tsince shi. Mutuniyar Bichi ce ta ƙasar Kano. Ta taso da mijinta a ƙafa da niyyar hajji tana da sauran ƙuruciya, suka yi shekara tara suna tafe suna tsayawa: ƙwadagon noma a Wadai, tsintar auduga a Jazira ta Sudan, wankau a duk garin da aka samu ruwa. Mijin ya cika a Sawakin yana kallon tekun da bai haye ba. Ita kuwa ta shiga wani jirgin katako tare da mutum arba'in, mai jirgin ya dafa ƙirji ya ce har bakin Jidda zai kai su. Ya sauke su a wata gaɓa da ko tsuntsu ba ya sauka, ya nuna musu arewa da leɓe, ya juya abinsa. Ƙafa ce ta ƙarasa sauran. Tun daga ranar Dela ta yanke cewa maganar ɗan Adam rabin hanya take kai mutum.

A Jidda daka ta riƙe. Turmi a ka, taɓarya a hannu, gida-gida cikin tsohon gari, tana daka wa matan attajirai lalle da kayan yaji da gahawa. Da kafaɗu suka fara ƙara sai ta koma zaman kasuwar Bab Makka da farantin gyaɗa da kuka da daddawa. A nan ta ƙaro karatu, don shekara da shekaru ta yi kusa da masu atamfa tana jin yadda ake rantsuwa da safe a warware da yamma.

Abin da ta mallaka a duniya ɗaki ɗaya ne, irin wanda ake kira sandaƙa, na gwangwanin kananzir da aka fasa aka daddale, da ɗan fili a gabansa wanda akuya biyu za su kwanta in suna shiri da juna. Sai dai a bakin hanyar manyan motoci yake, abin da ya sa wasu idanu suka ƙi barinsa ke nan. Takarda kuwa ba mai ita a layin. Wuri na wanda yake zaune a cikinsa ne. In sail ya zo, wato ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ya ratsa unguwa, ya kwashe katanga ya shafe iyaka, to wanda ya riga kafa turke shi ne mai wuri, dattawa ba su da abin dubawa sai turken da suka tarar. Dela ta ga an yi. Wata Turai, maƙwabciyarta, ta gudu tudun masallaci a wani ruwa, ta dawo washegari ta tarar ɗakinta ya zama tsakar gidan wani. Wannan wanin shi ne Othman, haifaffen Jidda, mai facin taya, Hausarsa rabi Larabci, kuma tun daga lokacin katangarsa ce take jingine da ta Dela. Sau biyu yana zuwa da murmushi yana kiranta Khala, wato inna, wai zai ba ta ɗaki can baya inda babu ƙura, ta bar masa bakin hanya. Sau biyu tana ce masa ita da ƙurar sun saba.

Sai kuma Mahmudu, uban matar Othman ɗin, wanda unguwa ta sani da zancen ruwa. Haifaffen Sudan ne, jikan Zazzagawa, shi ya sa tsakaninsa da Dela Bakanuwa ba a gaisuwa sai da tsiya. Sana'arsa saƙa igiya a gado da mirkaz, dogayen kujerun nan na gidajen gahawa waɗanda gajeren mutum sai ya yi tsalle yake hawa. A rumfarsa akwai wata igiyar kaba da ya rataye tun zuwansa, da dutse a ƙarshenta, kusa da wani ginshiƙi mai zane-zane. In iska ta ɗauko laima, igiyar takan ɗaure jikinta, dutsen ya ɗaga. Amma Jidda kullum cikin laima take, don haka dutse kaɗai ba ya isa. Yakan haɗa da yawan kwanakin da azyab, iskar kudu mai zafi, ta yi tana busawa, da launin teku da safe, da labarin da direbobi suke zubarwa a gidajen gahawa inda yake gyaran kujeru. In ya gama haɗawa sai ya bi layi yana faɗin inda ruwa zai tsaya a jikin mutum: tafin ƙafa, idon sawu, ƙwauri, gwiwa. Ba ya karɓar komai a kai, kuma wannan ne ya fi damun Dela. Mutum ya yi ta yawo a rana don Allah kawai? Ta ce a sake lale.

Ita ma tana da nata ma'aunin. Duk ruwan da aka yi takan tsayar da taɓaryarta a ƙofar ɗaki, in ya janye ta sa wuƙa ta yi tsaga a inda ya tsaya. Tsaga shida ta tara a shekara goma sha ɗaya, don saman Jidda ba ta cika kyauta ba. Sannan wata rana ta ɗauki taɓaryar ta same shi shi kaɗai a rumfa, ta jingina ta da ƙafarsa, ta bi tsagar ɗaya bayan ɗaya. Shekarar da ya ce gwiwa, ga shi a tsakiyar ƙwauri. Shekarar da ya ce ƙwauri, ga shi ɗan sama da idon sawu. Rabi, rabi, rabi, kamar da gangan.

Mahmudu bai yi musu ba. Dariya ya yi har igiyar da ke bakinsa ta faɗi, ya ce da gangan ne mana. Ya ce in ya faɗi ainihin abin da ya gani ba mai ɗaga buhun shinkafarsa daga ƙasa, don mutanen unguwar nan ko mutuwa aka kawo musu talla sai sun taya. Shi ya sa yake sa suna a sama, su rage, a haɗu a daidai. Dela ta koma gida ranar tana taku kamar wadda aka naɗa. Ba ta gaya wa kowa ba. Asirin da ka faɗa ya zama na unguwa, ita kuwa nata take so.

To, a wani Sha'aban, tsakiyar shekarun sittin, azyab ta kwana biyar tana busawa. Gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa, tsofaffi suka yi ta faɗa da jikokinsu ba dalili. Ranar Talata da hantsi Dela ta leƙa ta ɓular katanga, aikin da ba ta taɓa fashinsa ba, ta ga an sauke wa Othman sababbin turaku takwas da langa-langa, an jera a bayan ɗaki an rufa da buhu. Mai facin taya, me zai yi da turke takwas? Da azahar ta hango shi a rumfar surukinsa, kai a haɗe. Da la'asar sai ga Mahmudu a ƙofarta.

Bai tsaya tsiyar da suka saba ba, ko Bakanuwa bai ce mata ba. Ya ce jibi ko gata ruwa na tafe, ta tattara abin da za ta iya ɗauka ta hau tudun masallaci tare da jama'a.

"Ina zai tsaya?" in ji Dela. Tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba.

"Ƙugu, Yaya Dela."

"Gwiwa ke nan."

"Ƙugu na ce."

"To na ƙara maka yatsa biyu a kan gwiwa, albarkacin furfurarka. Ka sallama ko in wuce gaba?"

"Ba ciniki na zo ba. Wannan karon ban ɗora komai a kai ba. Yadda na gani haka na kawo miki."

"Haka mai atamfa yake cewa in ya ga ka juya baya."

Ya tsuguna ya yi mata bayani dalla-dalla. Dutse ya wuce duk zanen da ke jikin ginshiƙi. Teku ta yi launin darma kwana uku. Direbobin da suka sauko daga Sham sun ce ƙanƙara ta zuba a can, ba irin mai tsakuwa ba, mai laushi kamar audugar Jazira, har ta binne tayar mota ta rufe hanya kwana biyu. In wannan sanyin ya gangaro ya yi karo da zafin azyab a kan duwatsu, abin da zai zubo ba na wasa ba ne.

Dela ta ce ita shekara uku ta yi tana tsintar auduga ba ta ga wadda ta faɗo daga sama ba, kuma direban da ya ce ta binne taya, mai yiwuwa takalminsa ta jiƙa. Ta juya ta dubi gabas. A Bichi hadari daga gabas yake tasowa, kuma ko da yake ta gani da idonta sau da yawa cewa na Jidda daga teku yake zuwa, wuyanta bai taɓa yarda ba. Gabas fes take, duwatsu a tsaye ba ko ɗigon gajimare.

"Turakun da aka sauke wa mijin 'yarka fa," ta ce, "su ma daga Sham suka zo?"

Mahmudu ya dubi ƙasa. Ya ɗan jima kafin ya ce shi igiya yake karantawa, ba zuciyar mutane ba. Ya tashi ya kama hanyar gida na gaba. Wannan shirun nasa ne kaɗai abin da Dela ta karɓa gaba ɗaya ba ta rage komai ba.

Ta zauna ta baje zancen a gabanta kamar yadda take baje gyaɗa ta fid da ruɓaɓɓiya. In ta hau tudu, ruwan gwiwa ma ya isa ya kwantar da katangar gwangwani, kuma kafin ta sauko da waɗannan ƙafafun nata turke takwas ya shiga ƙasa. In ta zauna kuma ya zamana Bazazzagin nan yau ya tashi da gaskiya, to ruwan ƙugu mai gudu ba ya tambayar tsohuwa sunanta. Ta tsufa da sake fasa gwangwani, ta tsufa da zaman ɗakin aro. Duk lissafin ya koma kan abu ɗaya: ya ninka ko bai ninka ba?

Laraba da safe ta je rumfarsa, wai guntuwar igiya take nema. Ta kife akwati ta hau ta duba ƙullin da ke sama, ko an kwance an rage tsawo. Ƙulli tsoho ne, har gizo-gizo ya yi gida a kai. Ta shinshina igiyar ko an yayyafa mata ruwa. Ta sa yatsan ƙafa ta tona ƙasan dutsen ko an kwashe ƙasa don ya yi kamar ya tashi. Ta shafa zanen ginshiƙi tana neman sabo. Ba ta samu komai ba, dutsen kuwa ga shi can sama da zanen ƙarshe da yatsa huɗu. Mahmudu yana ta saƙarsa, ya tambaye ta ko za ta ɗan ciji dutsen ma ta ji. Ta ce ta yi wannan tunanin, haƙoran ne babu.

A hanyar gida ta yanke hukunci. Igiya ba ta yi ƙarya ba, amma igiya ba ta ce ƙugu ba. Mahmudu ne ya ce, kuma Mahmudu yana da suruki. Ta cika gwangwanin kananzir huɗu da yashi, ta ɗora ƙafafun gadonta a kai, ta auna da taɓarya: gwiwa da yatsa biyu, har da ɗan ƙari. Ta ɗaure kuka da daddawa a rufi. Duk yinin tana kallon maƙwabta suna wucewa da tabarmi da tukwane da kaji a kwando, kowa ya ce mata ta taso sai ta ce tana tafe. Othman da kansa ya leƙo ya ce zai ɗaukar mata kaya. Ta ce Allah ya ba da lada, kayanta ba sa son hannun baƙo.

Da la'asar sai ga Mahmudu da mirkaz a ka, sabon saƙa, dogo, mai majingina. Ya ce mai gidan gahawar bai zo ya ɗauka ba, rumfarsa kuma a kwari take, ta bari ya ajiye a ɗakinta. Dela ta tare ƙofa da jikinta. Ashe haka abin yake. Yau a shigar da kujera, gobe a tsaya gaban dattawa a ce kayan gidansu suna ciki tun kafin ruwa. Ta ce ko allurar gidansu ba za ta kwana a ɗakinta ba. Bai ja da ita ba. Ya sauke a bakin ƙofa daga waje, ya ce nan ai hanyar Allah ce. Sannan ya ciro turakun ƙarfe huɗu daga buhu, ya buga su a ƙasa har suka kusa ɓacewa, ya ɗaure kowace ƙafar kujera da nata, ya jijjiga ya ga ba ta motsi, ya tafi ba sallama.

Turaku. A ƙofar ɗakinta, da rana tsaka, tana kallo. Wa ya taɓa ajiyar kujera ya kafe ta kamar doki? Yana shan kwana ta ɗauko taɓarya da tsohuwar wuƙa ta durƙusa. Har magariba tana tono tana haki, ta samu ta cire biyu, na ɓangaren gabas. Sauran biyun suka gagare ta. Ta ce ba laifi, rabi ma ya isa.

Alhamis da hantsi hadari ya taso daga teku, baƙi ƙirin, ita kuwa tana kallon gabas sai da ɗigon farko ya sauka mata a ƙeya. Aka yi ruwa mai ƙarfi, rufin gwangwani yana ƙara kamar ana rabon faɗa a kansa. Kafin azahar ya ɗauke. Ta fito ta tsayar da taɓarya: idon sawu. Rana ma ta ɗan leƙo. Dela ta tsaya a layin da ba kowa sai ita, ta yi dariya ita kaɗai, ta shiga neman wuƙar tsaga tana shirya maganganun da za ta gasa wa Bazazzagi, guda-guda, har da waɗanda za ta ajiye sai Juma'a.

Sai ta ji wata ƙara daga gabas, kamar manyan motoci sun jero ba direba. Ta juya. Shekara ashirin da wani abu tana kallon wannan ɓangaren ba ya ba ta komai, yau ya ba ta. Duwatsun da ta gani fes shekaranjiya sun ɓace cikin duhu, ruwan da ya zuba a kansu tun safe kuma ga shi nan ya iso da ƙafarsa, ja kamar kunun kanwa, ɗauke da akwatuna da ƙyauren wani da akuya tana juyi.

Ta shige ɗaki ta haye gado. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin katanga ba sallama. Ya wuce tsagar farko a jikin taɓarya, ya wuce ta uku, ya wuce ta shida. Ya shafe bakin gwangwanayen yashi. Da ya kai gwiwa da yatsa biyu Dela ta ce masa to ya isa haka, nan muka yi da kai. Bai ji ba. Katifa ta jiƙe, gado ya fara lilo, katangar gabas ta lanƙwaso ciki tana kuka.

Ba ta tsaya yin zuciya ba, wannan kam a ba ta. Ta diro cikin ruwa har cinya, ta zari taɓarya, ta rungumi turmi ta tura shi waje, ta kife shi a gindin mirkaz, ta taka ta haye. Ƙafarta na barin turmin ruwa ya ɗauke shi, turmin da ya ci da ita shekara ashirin, ya tafi yana juyi ko waiwaye babu. Kujera kuwa ta fara ɗagawa ta ɓangaren da ruwa yake bugowa, daidai inda wata mai wayo ta ɓata yammacin jiya tana cire turaku. Dela ta soka taɓarya cikin laka ta ɗaya ɓangaren ta tokare, ta koma ta zauna da duk nauyinta a gefen da yake tashi. Nauyin ba wani mai yawa ba ne, amma shi ke gare ta.

Haka ta zauna tun azahar har bayan la'asar. Tana kallo katanga uku suka tafi, rufi ya bi su da kuka da daddawa, gado ya fita ta inda babu ƙofa. Katangar Othman ma ta tafi, wannan ya ɗan sanyaya mata rai. Ruwa ya hau har yana lasar igiyar da take zaune a kai, ya tsaya nan yana shawara, sannan ya fara ja da baya. Ta yi salati iya wanda ta sani. Tsakanin salati da salati kuma tana zagin turaku biyun da ta cire, da hannun da ya cire su.

Rana ta yi ƙasa, ruwa ya dawo ƙwauri. Mutum na farko da ya ɓullo a kan layin, wando a naɗe, turaku takwas a kafaɗa, guduma a hannu, ba sai an faɗi sunansa ba. Yana tafe yana duban ƙasa yana auna wuri da ido, sai da ya zo daf ya ɗaga kai ya ga tsohuwa a sama, jiƙe sharkaf, zaune a ƙofar ɗakin da babu.

"Ya Khala," ya ce. "Kina nan?"

"Ina ka aike ni?"

Ya waiwaya. Jama'a sun fara saukowa daga tudu, Malam Abdulghaffar limamin unguwa yana gaba da sandarsa, kuma duk sun ga abin da ke kafaɗarsa. Othman ya ce wallahi taimako ya zo, ya san katangarta ba za ta tsaya ba, shi ya sa ya tanadi turaku.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji Dela, da ƙarfi yadda liman zai ji. "Irinku ake nema a maƙwabta. Yalla, fara daga can."

Daga kan kujera ta riƙa nuna masa da taɓarya, yana bugawa. Kusurwar hanya, kusurwar baya. Da aka zo iyakarta da shi, sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta: ta sa suna a sama. Ta nuna taki ɗaya cikin nasa, tana jiran ya taya su haɗu a daidai. Othman ya dubi wurin, ya dubi liman, ya dubi jama'a, ya ce halas, wato shi ke nan, ya buga. Malam Abdulghaffar ya ɗan ɗaga gira. Dela ta ce masa wannan takin na Turai ne, ajiya take karɓa. Liman ya yi kamar bai ji ba.

Mahmudu ne ya iso daga ƙarshe, yana jan ƙafa cikin laka. Bai dube ta ba, ƙafafun kujerarsa ya fara dubawa. Ya ga igiya biyu suna reto ba turke. Ya girgiza kai, ya ce da ma ya san huɗu zai buga in yana son biyu su kwana.

"Ka san da turakun yaron nan?" ta tambaye shi, ƙasa-ƙasa.

"Na gani. Na yi masa magana a rumfa, ya ce na gyaran gidansa ne. Ban yarda ba, ban kuma iya rantsewa ba."

"Ka zo ka ce in tashi."

"Ranki nake ji, Yaya Dela, ɗaki gwangwani ne. Amma na san ba za ki tashi ba, na kuma san ba za ki yarda ba. Shi ya sa na kawo kujera."

Dela ta dube shi daga saman kujera. Sannan ta ce ya matso. Ta zaro taɓarya daga laka, ta nemo inda jan ruwan ya bar zobe a jikinta, ta jingina ta da shi a gaban kowa, ta auna da yatsunta a hankali.

"Saura yatsa uku ya kai ƙugu," ta ce. "Ka ƙara yatsa uku. Na san sai ka ƙara."

A wurin ta sake kafa ɗaki, da langa-langar da Othman ya ga ba shi da bakin hana ta. Mirkaz kuwa bai koma gidan gahawa ba. Ta ce ruwa ne ya kawo mata shi, a kansa ta riƙa zama da yamma tana duba masu wucewa daga sama, inda aibin mutum ya fi fitowa. Turmin an gan shi bayan wata biyu a wani gida can wajen teku, matar gidan ta rantse gadon kakarta ne. Dela ta yarda da rabi, ta yarda matar tana da kaka.

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a bakin hanyar. Duk lokacin da azyab ta kwana uku, Mahmudu yakan fara da ƙofarta kafin ya bi layi, ya faɗa mata nata ma'aunin daban, wanda ba a ɗora komai a kai ba. Takan saurara, ta ce rabi, ta shiga ɗaki ta ɗaga kayanta har inda ya faɗa. Washegari da safe kuma sai a gan ta ta nufi rumfarsa da taɓarya tana dogarawa, wai guntuwar igiya take nema, ta kife akwati ta hau ta duba ƙullin.